Babin Igiya

Litinin, 7:15 na safe

Wata ta ce wa Mamana muguwa. Da sassafe, ko shayi ban sha ba.

Ba ta san Mama ba fa, ko a hanya ba su taɓa haɗuwa ba. Littafin Yaya kawai ta karanta, ta shigo gurup ɗinmu na masu karatu ta rubuta wai "uwar nan ta cikin labarin muguwa ce, ko dabba ba ta yi wa ɗanta haka." Har da sitikar mai amai. Mutane sai danna mata hannu suke yi.

Bari in rubuta a nan cikin wayata, don in ban rubuta ba wallahi zan zagi wani, kuma na yi wa Yaya alkawari ba zan ce uffan a gurup ɗin ba. Shi ne ya rubuta littafi a kan yarintarmu a kan dutse, tun kafin Baba ya rasu mu sauko gari. Ya canza sunaye, ya ce ƙirƙirarren labari ne, kada in kuskura in gaya wa kowa ni ƙanwarsa ce. To ai ko ya canza sunaye, akuyar dai tamu ce, gonar tamu ce, uwar tamu ce. Yarinyar da aka ɗaure da igiya a babi na tara kuma ni ce. Ga ni nan da raina da lafiyata da cajin wayata.

Litinin, 1:30 na rana

Shagon kitson da nake aiki ba kowa, Madam ta fita sayo man gashi, na zauna ina bin abin da suke cewa.

Ba duka ne 'yan iska ba. Wani ya ce littafin ya sa shi kuka a cikin mota har kwandasta ya tambaye shi ko rasuwa aka yi masa. Wata ta ce wurin da hazo ke shigowa ɗaki da safe ya kwanta a kan tabarma, har sanyin ta ji a ƙafarta. Wata kuma ta ce akuya ta yi yawa, ita littafi ta saya ba garke ba. Wannan kam na yi dariya, ba zan yi ƙarya ba, akuyarmu Shagwaɓa ta cinye rabin littafin nan kamar yadda ta cinye littafin lissafin Yaya a wancan lokacin. Akwai wani mai kiran kansa Jan Biro, shi ya ce marubucin ya kwaso talaucin iyayensa ya kawo wa 'yan birni su tafa masa. Allah ya shirye ka, Jan Biro.

Amma duk inda aka zaga, babi na tara ake dawowa. Abin da ke ciki ke nan: yaro ya dawo daga makaranta da abokansa, suka bi ta gonar uwarsa da ke bakin gangare, suka tarar ta ɗaure ƙanwarsa a ƙugu da igiyar akuya a jikin kututture, yarinyar tana kuka tana miƙa hannu, uwar tana ta noma ko waiwaye babu. Abokan suka yi dariya. Yaron ya ji kunya ya je ya kwance ta. Uwar ta yar da fartanya ta zo da gudu ta kwaɗa masa mari, ta mayar da igiyar ta ƙara ƙulli. Shi ke nan babin ya ƙare. Bai faɗi dalili ba.

Akwai dalili. A gidanmu ne ba a faɗarsa.

Talata, bayan magariba

Mama ba ta yi boko ba, don haka ni nake karanta mata, babi ɗaya kusan kullum in na dawo daga shago. Ni ma nawa karatun a aji uku na sakandare ya tsaya, sai in yi ta cin tuntuɓe a dogayen kalmomin Yaya, ita kuma ta ce, "Ke Auta, ko dai yayanki ne bai iya rubutu ba, ko ke ce ba ki iya karatu ba. Ni dai na san na biya kuɗin makaranta."

Littafin a saman kwaba yake zama, naɗe a cikin ɗankwalinta na fita unguwa. Sai ta wanke hannu take sauko da shi. Ta zauna a tabarma tana tsince shinkafa, ina karatu tana gyara. Yau mun yi inda Shagwaɓa ta shiga rumbu, ta ce, "Ƙarya yake yi, shi ya bar ƙofar a buɗe. Ya ɗora wa baiwar Allah don ba ta da baki." Ta yi dariya har tana share ido da bakin zane.

In na rufe littafin kullum tambayarta ɗaya ce: "Su wa da wa ke cikin na gobe?" In leƙa in faɗa mata, ta ce to.

Muna babi na uku. Ina ta lissafin ranar da za mu kai na tara.

Laraba, 12:05 na rana

Yau an ƙara da "mara imani".

Alhamis, 4:40 na yamma



Akwai wata kwastomarmu malamar makaranta, mai tabarau, mai cewa a yi mata kitso ƙanana amma kada a ja. Yau ta zo, kanta yana hannuna, sai ta zaro littafin daga jaka. Littafin Yaya. Ta ce wa Madam, "Kin karanta wannan? Rubutu dai ya iya, amma uwar nan da a yau ne da hukuma ta karɓe yaran."

Madam ta ce ita rabonta da littafi tun na girki, shi ma hotunan take kallo.

Malama ta ci gaba. Wai irin matan nan na ƙauye ba su san darajar yaro ba, haihuwa kawai. Wai ita tausayin yarinyar take ji, yanzu haka tana can wani wuri da ciwo a zuciya, ba za ta taɓa yarda da mutum ba har ta mutu. Yarinyar kuwa tana tsaye a bayanta da matsefi a baki.

 Na dai kama gashin ƙeya na tsuke.

Ta ce, "Wash, 'yan mata, a hankali mana."

Na ce, "Yi haƙuri Malama, wurin ne da santsi. In ban riƙe da kyau ba zai zame."

Bayan ta tafi Madam ta kalle ni ta ce, "Ke 'yar waya, yau wa ya taɓa ki? Kin mayar wa matar mutane gira saman kai." Na ce mura ke damuna. Ta ce to murar ta tsaya a hancina, kada ta sake sauka a kan kwastoma.

Ciwo a zuciya. Ni abin da nake tunawa da igiyar nan, Mama tana naɗe ta da tsohon ɗankwali a daidai inda za ta taɓa min jiki, don kada ta goge ni. Kuma tana aje min gwangwani da tsakuwa a ciki in yi ta kaɗawa. In ta ji gwangwanin ya yi shiru take waiwayowa. Yaya bai sa wannan ba. Wataƙila bai gani ba, shi kunyar abokansa yake ji.

Juma'a, 2:20 na rana

Na kira Yaya a lokacin hutunsa na ofis.

Na ce, "Ka ga abin da ake ce wa Mama?"

Ya ce ya gani. Ya ce ba Mama ake ce wa ba, wata ce a cikin labari.

Na ce, "Yaya, kada ka yi min turancin marubuta. Matar cikin labarin tana da tabon ƙuna a hannun hagu, Mama ma haka. Ka fito ka faɗa musu dalili. Layi biyu kawai."

Ya ce mai karatu yana da 'yancin ya fahimci abin da ya fahimta. Na ce ni ma ina da 'yancin in fasa wa mai karatu baki. Ya yi dariya, abin ya ƙara ƙona min rai. Na ce ka ɗauki uwarka ka tsayar a tsakiyar kasuwa, ka cire mata mayafi, ka koma gefe kana cewa 'yanci.

Sai ya daina dariya. Ya ce, "Auta, kin taɓa jin Mama ta yi maganar nan da bakinta?"

Na ce a'a.

"Ko sau ɗaya?"

Na ce a'a.

"To ni wane ne da zan buga ta a takarda in sayar? Ke ba a ma haife ki ba. Ni ina wurin."

Sai na ce masa ai shi ke nan, ya ci gaba da karɓar tafi. Na kashe. Na san ban kyauta ba. Ba zan kira shi ba.

Asabar, 10:00 na safe

Na rubuta wa 'yan gurup amsa. Dogo ne, na faɗi komai, yadda Goggo ta faɗa min wata rana tana yi min kitso da ta ɗauka na isa ji. Na faɗi yadda gonar take, taku kaɗan daga kututturen nan sai sarari, sai duwatsu can ƙasa. Na faɗi cewa tazarar da ke tsakanina da Yaya ba haka kawai ta yi yawa ba, akwai wanda gangaren nan ya ɗauke a tsakaninmu. Na ƙare da "yanzu sai ku sake ce mata muguwa in gani."

Yana nan a ajiye. Yatsana ya je kan kibiyar turawa ya dawo ya fi a ƙirga.

Ban tura ba.

Lahadi, 5:30 na yamma

Babi na shida. Ta sake tambaya su wa ke cikin na gobe. Ban tura ba.

Talata, 3:10 na rana

An cire ni daga gurup.

Wata mai yin bidiyo a kan littattafai ce ta ja. Ta zauna a gaban labule mai kyau da kofin shayi, ta ɗaga littafin Yaya, ta ce ta ba shi uku cikin biyar, ta ce babi na tara ya hana ta cin abinci. Sai ta ɗauko igiya, igiyar shanya sabuwa fil, ta ɗaura a ƙugun 'yar tsana ta ɗaga wa kyamara, ta yi fuskar tausayi. Aka kawo bidiyon gurup, aka yi ta "wayyo" da "Allah ya isa".

Na riƙe alkawarin Yaya, ban ce ni ce ba. Na dai rubuta cewa duk wadda ba ta taɓa noma a bakin gangare da goyo a baya da yunwa a gaba ba, ta rufe mana baki, ta je ta ƙarasa shayinta. Jan Biro ya ce ga irin masu kare zalunci nan. Na ce masa da biro ake haihuwa da shi ma ya san zafin ɗa. Na ƙara da wata maganar a kan hoton fuskarsa wadda ba sai na maimaita ba. Admin ta ce nan wurin masu ilimi ne. Na ce na gani ai.

Sai ga shi: an cire ki.

Shekara biyu ina gurup ɗin nan. Ni nake tura musu gaisuwar safiya da furanni.

Laraba, bayan magariba

Na tsallake.

Mun gama na takwas jiya, yau na buɗe na haɗa shafuka da yatsa na faɗa na goma, inda ruwan sama ya cinye hanya aka yi kwana da kwanaki ba a sauka kasuwa ba. Na karanta da sauri kamar ana korata. Mama ba ta gyara min ko kalma ɗaya ba. Tana ta tsince shinkafar da na san ta riga ta tsince.

Da na gama ta ce, "Yau kin iya karatu."

Alhamis, 9:00 na safe

Ba duka aka taru aka lalace ba. Wata daga gurup ɗin ta biyo ni ta gefe, ban san ta ba, hoton tukunyar fure ne a kan lambarta. Ta ce ita ma a kan dutse ta tashi, wani dutsen daban, can nesa. Ta ce da ta kai babi na tara ajiye littafin ta yi ta kira tsohuwarta, suka yi hira a kan ba komai. Ta ce, "Wanda ya sani ya sani. Ba a ɗaure abin da ba a tsoron rasawa." Ba ta tambaye ni ko ni wace ce ba. Na tura mata zuciya guda uku, na shiga banɗakin shago na yi kukana na fito.

Jiya kuma da muka je asibiti a duba hawan jinin Mama, za mu tsallaka titi ta cafke min wuyan hannu kamar kullum. Ni da na isa aure, ni da nake riƙe mata jaka. Na fizge na ce, "Mama, mutane na kallo." Ta ce, "Su kalla."

Asabar, 6:15 na yamma

Maman 'Yan Biyu ta gidan gaba, Allah ya saka min.

Na dawo na same ta zaune a tabarmarmu, ta zo wai jaje. 'Yarta ce ta nuna mata bidiyon mai 'yar tsana, ita kuma ta san littafin na Yaya ne don Mama ta zagaya da shi gida gida ranar da ya fito. Ina shiga na ji tana cewa, "Ai 'ya'yan yanzu sai addu'a, ka yi musu wahala su tona maka asiri a duniya. Ni dai na ce ba ki yi kama da mai ɗaure yaro ba."

Na ce, "Maman 'Yan Biyu, kamar ina jin ƙauri daga gidanku."

Ta ce ba ta ɗora komai ba.

Na ce, "To je ki ɗora."

Mama ta ce, "Auta." Da muryar nan.  Ta raka ta har ƙofa, ta yi mata godiya, har da a gaida yara.

Da ta dawo na jira ta tambaye ni. Ba ta tambaya ba. Ta ce in sauko da littafi. Na ce kaina na ciwo. Ta ce karatu ba da kai nake yi ba, da baki ne, kuma bakina ta ga lafiyarsa ƙalau yanzun nan.

Litinin, 8:30 na safe

Yaya ya turo "ya jikin Mama". Na buɗe don ya ga na gani, ban amsa ba.

Na sake karanta dogon rubutuna, na gyara wurare biyu. Yanzu ba ni cikin gurup, amma zan iya sa shi a ƙarƙashin bidiyon matar nan kowa ya gani.

Ban tura ba. Ban goge ba.

Laraba, 7:40 na yamma

Mun gama littafin.

Babin ƙarshe shi ne saukowarmu, kaya a bayan mota, yaron yana kallon dutsen yana ƙanƙancewa. Na karanta layin ƙarshe na rufe, na ce, "To Mama, ɗanki ya gama."

Ta ce, "Shi ke nan?"

Na ce shi ke nan.

Ta ce, "Saura wanda kika haɗa da yatsa."

Na fara rantsuwa, ta ɗaga min hannu. Ta ce, "Ni na yi rayuwar nan, Auta. Daga shekarar fari ba a faɗa shekarar ruwa. Akwai abu a tsakani. Buɗe."

Na buɗe. Ban taɓa karatu mai wuya irin wannan ba. Na karanta igiyar, na karanta dariyar yaran, na karanta marin. Ina yi ina satar kallonta. Fuskarta ba ta motsa ba, sai dai ta matso, ta karkato kunne kamar mai jiran a kira lambarta a asibiti. Da na kai ƙarshe ta ce, "Ci gaba."

Na ce ya ƙare.

"Juya dai."

Na juya na nuna mata, babi na goma ne, wanda muka riga muka yi.

Sai na fashe. Na faɗa mata duk abin da ake cewa, muguwa, mara imani, 'yar tsana, Malama mai tabarau, komai. Na ce ina da amsarsu a rubuce, kalma ɗaya nake jira daga bakinta in watsa musu su ji kunya.

Ta ce, "Su ce mana. Ke ga ki nan da ƙafafunki biyu kina cika min kunne, ai igiya ta yi aikinta."

Wallahi har na fara jin sanyi. Sai ta ɗora hannu a kan littafin ta ce, "Ba ya ciki ke nan."

Na ce wa?

Ta kalle ni. Na gane.

Ta ce, "Na ce ko a farko ne, ban ji ba. Na ce to sai an zo shekararsa. Da kika tsallake na ce to a nan yake, yarinyar nan tausayina take ji. Na ƙyale ki, na ce in mun gama na ji shi a ƙarshe, in ji shi da kyau." Ta shafa bangon littafin. "Akuya ta samu suna. Mai gyaran rediyo ya samu suna. Har karen maƙwabta."

Na ce, "Mama, don ke ya bari. Ya ga ba kya maganar."

Ta ce, "Ni uwa ce, bakina ba zai iya ba. Shi da ya yi karatu fa? Na ɗauka abin da aka kai shi makaranta ya koyo ke nan."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Shinkafar tana nan a faranti.

Kullum tana tambayata su wa ke cikin na gobe. Kullum. Ni kuma ina can ina faɗa da Jan Biro.

Alhamis, 1:00 na rana

Littafin ba ya saman kwaba. Yana kan taga, ba ɗankwali, an ɗora masa kofi.

Na kira Yaya. Ya ɗauka da "in faɗa ne ina da aiki." Na ce ba faɗa ba ne, na faɗa masa abin da ta ce, kalma da kalma, har karen maƙwabta. 

Ya ce, "Ta ce haka?"

Na ce ta ce.

Ya ce, "Na rubuta shi fa, Auta. Sau nawa. In na kai wurin sai in yage."

Na ce, "To ni ba ni za ka faɗa wa ba. Mota ba ta ƙare a tasha ba."

Haushinsa nake ji, haushin kaina nake ji, haushin Goggo da ta faɗa min a ɓoye kamar abin kunya, haushin gidan nan da kowa ke tausayin kowa har aka bar yaro shi kaɗai a waje. Madam ta ce in na ƙara jefar mata da matsefi a kwano zan saya.

Juma'a, 6:00 na yamma

Ba ta ce a yi karatu ba. Babu ma abin karantawa.

Asabar, 4:30 na yamma

Ya zo da hantsi, da jakarsa da ledar lemo, ya rame. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa kamar baƙon da ya zo karanta mitar wuta. Ta ce min, "Auta, wankin nan ba zai shanya kansa ba." Wankin da na san jiya na kwashe shi a bushe. Na ɗauki bokiti na sake jiƙa zannuwa biyu na fita, igiyar shanyarmu kuwa a jikin tagar ɗakin take. Ba laifina ba ne.

Da farko ba na jin komai sai fanka. Can na ji Yaya yana cewa za a sake buga littafin, zai ƙara babi, zai gyara, zai sa komai.

Mama ta ce, "Wa ya aike ka? Don masu waya su samu na yi?"

Ya ce to me take so ya yi.

Ta ce, "Kai kaɗai ka rage wanda ya san fuskarsa. Babanku ya tafi. Wannan ta waje mai laɓe ba ta san shi ba. Faɗi sunansa in ji."

Na daɗe ina riƙe da zane yana ɗiga min a ƙafa.

Ya faɗa. Muryarsa ta karye a tsakiya, ya sake faɗa. Sai na ji Mama ta maimaita, a hankali, kamar tana ɗanɗana abin da ta daɗe ba ta ci ba. Ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba tunda aka haife ni. Ba zan rubuta shi a nan ba. Ba na waya ba ne.

Daga nan sai magana ta ɓalle. Wai ya riga haƙoransa tafiya. Wai ba ya tsoron komai, Shagwaɓa ma kunnenta yake kamawa ya hau. Yaya ya ce yana tuna yadda yake sace masa takalmi ƙafa ɗaya ya ɓoye a tukunya. Mama ta ce ba tukunya ba ce, turmi ne, kai komai sai ka canza. Suka yi dariya, irin wadda ake yi da majina. Sai ta ɗaga murya ta ce, "Ke mai shanya, shigo, zanen ya gaji."

Na shiga. Ta nuna min wuri kusa da ita, ta ce, "Zauna ki ji labarin yayanki." Ba wannan ba. Ɗayan.

Lahadi, 11:20 na safe

Na goge dogon rubutun. Ba wanda ya sa ni.

Bidiyon matar nan yana nan, an ƙara zagi a ƙasa, wani sabo ya ce uwar ta cancanci ɗauri. Raina ya ɓaci, ba zan ce bai ɓaci ba, har na fara rubuta masa amsa Mama ta ƙwala min kira in zo mu raka Yaya tasha. Littafin ya koma saman kwaba. Ɗankwalin dai ta ɗaura shi a kanta.

A bakin babban titi motoci suna ta wucewa, ta cafke min wuyan hannu da dama. Sai na ga ta miƙa hagu ta cafke na Yaya, ƙato da gemu da jakar ofis, marubuci guda. Masu shago suna kallo. Ya kalle ni ta saman kanta, na kalle shi.

Ba wanda ya fizge.